Jan Biron Oga da Kalmar “The”: Amsa ga Wata Ƙanwa Daga Jos

Assalamu alaikum, Malama. Ni mazauniyar Anguwar Rogo ce a nan Jos, kuma wata huɗu ke nan da na samu aikin sakatariya a wani ofishi. Kusan duk wasiƙar da na buga sai shugabana ya dawo mini da ita cike da jan biro, kuma yawancin gyaran a kan kalma ɗaya yake, wato “the”. Inda na saka ta sai ya soke, inda na bari babu sai ya ƙara. A makon jiya ya karanta jimlolina da ƙarfi a gaban abokan aiki, suka yi ta dariya. Na rubuta “I have submitted report to Director”, da “The education is important for the children”, da “The meeting is on the Ahmadu Bello Way on the Monday”. Na yi Islamiyya har na sauke, na kuma ci Turanci a jarrabawar WAEC, amma yanzu ji nake kamar ban taɓa shiga aji ba. Na sayi littafin nahawu na haddace dokoki masu yawa, sai dai da na zauna gaban kwamfuta duk sai su cakuɗe mini. Har na fara tunanin ajiye aikin. Ki taimake ni da shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ajiye aiki, saboda haka da ita zan fara: kada ki ajiye. Na shafe shekaru ina koyar da Turanci a makarantun sakandare a nan Jos, kuma ban taɓa samun aji ɗaya da wannan kalma ba ta wahalar da hazikan cikinsa ba. A wani tarin rubuce-rubuce da masana suka haɗa a Jami'ar Brown ta Amurka, mai ɗauke da kalmomi kimanin miliyan ɗaya daga abubuwan da aka buga a 1961, an tarar “the” ta fi kowace kalma yawa a Turanci, tana cin kusan kashi 7 cikin 100 na rubutun. Wannan yana nufin wasiƙa mai shafi ɗaya tana iya ɗauke da ita sau ashirin, ban da wuraren da ya kamata a bar ta. Yawan jan biron da kike gani daga yawan fitowar kalmar yake, kuma mutanen Rasha da Sin da Japan, waɗanda harsunansu ba su da irinta sam, suna fama da ita har bayan sun yi digiri na uku.

Littafin da kika saya bai yi ƙarya ba, amma ya ba ki rassa kafin ya nuna miki gindin itacen. Aikin “the” ɗaya ne, kuma mai rubutu yana saka ta ne domin ya ce wa mai karatu: ka riga ka san wanda nake nufi. Wata safiya ta hunturu, lokacin da sanyin Jos ke hana yara riƙe alƙalami da kyau, na ajiye biro uku masu shuɗin tawada a kan teburi, na ce wa wata ɗaliba “Give me a pen”. Ta ɗauki ɗaya ta miƙo ba tare da ta tsaya tunani ba. Na mayar da shi, na ce “Give me the pen”, sai ta tsaya tana duban biron nan uku, ta ɗago kai ta ce, “Malama, wanne?” Na kwashe biyu na jefa a jaka, na sake faɗin jimlar, nan take ta miƙo wanda ya rage. Tambayar da yarinyar nan ta yi ita ce ma'aunin da nake so ki riƙe. Duk sunan da za ki rubuta, ki tambayi kanki ko mai karatu zai ce “wanne?” Idan ba zai ce ba, domin ya riga ya gane, to wurin “the” ne.

Hausa ma tana da wannan tunani, kuma kina amfani da shi kullum ba tare da kuskure ba. Idan kika ce, “Na ga wani yaro a bakin kasuwar Terminus, yaron yana sayar da dankalin Turawa,” kin fara da “wani yaro” saboda mai saurare bai san shi ba tukuna, sannan kika koma “yaron” saboda yanzu ya san shi. Haka “wata mota” take komawa “motar”, “wasu fayiloli” su koma “fayilolin”, kuma kalmar da ba ta karɓar wannan ɗafi sai mu bi ta da “ɗin”, kamar “bas ɗin”. Masu nahawun Hausa suna kiran wannan madanganci. Turanci yana bin sawun nan daidai: “I saw a boy at the market. The boy was selling potatoes.” A irin wannan wuri Bahaushe ba ya cika yin kuskure, shi ya sa a jimlarki ta uku kika rubuta “The meeting” daidai, domin an riga an yi zancen taron a ofis.

Inda ake rabuwa shi ne, Hausa ta fi saka madanganci idan an riga an ambaci abu a cikin zance, amma idan abin sananne ne da kansa sai ta bar sunan tsurarsa. Muna cewa “rana ta faɗi”, “Sarki ya fito”, “liman ya iso”, “rufe ƙofa”, kuma babu wanda zai tambaya wace rana ko wane liman, tunda rana ɗaya ce a sama, liman ɗaya ne a masallacin, ƙofa ɗaya ce a ɗakin. Bahaushe yana ganin abin da kowa ya sani ba ya bukatar alama. Bature kuwa a nan ne yake dagewa sai ya saka ta: “The sun has set”, “The Emir has come out”, “The imam has arrived”, “Shut the door”. Daga nan kuskurenki na farko ya fito. A zuciyarki kin ce, “Na miƙa rahoto ga Darakta,” jimla mai kyau ƙwarai a Hausa, sannan kika ɗauke ta kalma bayan kalma zuwa Turanci. Amma Darakta ɗaya ne a ofishinku, rahoton ma shugabanki ya san shi tunda shi ya sa ki rubuta, saboda haka jimlar ita ce “I have submitted the report to the Director.” Da a ce rahoto ne sabo da bai san da zancensa ba, da sai ki ce “a report”, daidai da yadda za ki ce “wani rahoto”.

Akwai doka ɗaya da nake so ki rubuta a takarda ki manna a gefen kwamfutarki, domin ita kaɗai za ta share rabin jan biron. A Turanci, suna tilo na abin da ake iya ƙirgawa ba ya tsayawa shi kaɗai a jimla. Kalmomi irin su “letter”, “file”, “report”, “office”, “meeting” da “driver” dole ne wani abu ya zo gabansu, ko “a”, ko “the”, ko “this”, ko “my”, ko makamancinsu. Idan kika ga ɗayansu tsaye babu komai a gaba, to ki tsaya ki duba. Abin da ke ɓatar da mutane a nan shi ne kanun labaran jaridu, inda ake zubar da waɗannan ƙananan kalmomi domin ƙarancin wuri, sai a rubuta “Governor visits market”, mai koyo kuma ya ɗauka haka ake magana. Ga kuma maganar baka ta ofisoshinmu, inda ake cewa “Director said” kamar Darakta sunan yankan mutumin ne. Wannan yana wucewa a hira, amma wasiƙar da za ta fita da hatimin ofis tana bukatar cikakkiyar jimla. Akwai 'yan maganganu da suka daskare ba tare da komai a gaban sunan ba, kamar “by car”, “at home”, “go to bed” da “go to school”, kuma waɗannan a dunƙule ake koyonsu. Na ƙarshen yana da ban sha'awa: ɗalibi mai zuwa karatu “goes to school”, uban da ya je ganin shugaban makaranta kuwa “goes to the school”, domin shi ginin yake nufi.

Kuskurenki na biyu ya fi jan hankalina, kuma ina kyautata zaton daga Islamiyya ya biyo ki. Wanda ya yi nahawun Larabci ya san nakira da ma'arifa, ya san alif da lam, kuma cikin sauƙi zai ɗauka “the” ita ce “al” ta Turawa. Suna kama, amma akwai wurin da suka saɓa sosai. Balarabe yana saka “al” idan yana magana a kan jinsin abu gaba ɗaya, shi ya sa ake cewa “al-ilmu nurun”, da alif da lam a kan ilimi. Bature ba ya yin haka. Idan ana nufin ilimi baki ɗaya, ko haƙuri, ko talauci, ko ruwa, ko kuɗi, sunan tsurarsa yake zuwa: “Knowledge is light”, “Water is scarce”, “Poverty is increasing”. A nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya, domin mu ma cewa muke “ilimi gishirin zaman duniya”, “haƙuri maganin zaman duniya”, ba mu cewa “ilimin” ko “haƙurin” sai idan wani takamaimai muke nufi. Saboda haka idan kina shakka a irin wannan wuri, ki koma ga kunnenki na Hausa, ki ajiye na Larabci. Abin lura ne ma yadda Hausa ta haɗiye “al” ɗin Larabci ta mayar da shi jikin kalma, a alƙali da alƙalami da albarka da aljihu, har da ragowarsa a farkon labari da lafiya da lahira, ta yadda muke cewa “wani alƙali” ko “alƙalamin” ba tare da jin an maimaita komai ba.

Jimlarki ta biyu ke nan ta zama “Education is important for children”, idan yara gaba ɗaya kike nufi, domin jam'i ma idan ana nufin jinsin duka ba ya ɗaukar “the”. Amma ki lura da kyau, “for the children” ba kuskure ba ne a kowane hali. Da wasiƙar tana magana ne a kan wasu marayu da ofishinku ke ɗaukar nauyi, kuma an riga an ambace su, to “the children” shi ne daidai, kamar yadda za ki ce “yaran”. Haka kuma sunan da ba ya ɗaukar “the” yana karɓarta da zarar an taƙaita shi da bayanin da ke biye. “Water is scarce” magana ce a kan ruwa ko'ina, amma “The water in this tank is dirty” ta keɓe ruwan tanki ɗaya. “Education” yana tsayawa shi kaɗai, amma za ki rubuta “the education of girls in Plateau State”, saboda abin da ya biyo baya ya amsa tambayar “wanne?” tun kafin a yi ta. Wannan dalili ne kuma ya sa “first”, “last”, “best”, “only” da “same” kusan kullum suke tafe da “the”, tunda na farko ɗaya ne, mafi kyau ma ɗaya ne. Za ki rubuta “Solomon Lar was the first civilian governor of Plateau State”, wato gwamnan farar hula na farko da jihar ta samu a 1979.

Sai sunayen yanka, inda jimlarki ta uku ta yi tuntuɓe, kuma a nan zan gaya miki gaskiya cewa tunani kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da hadda. Asalin dokar mai sauƙi ce: sunan yanka ya riga ya fayyace mai shi, don haka ba ya bukatar ƙari. Jos, Bukuru, Abuja, Nigeria, Plateau State, Ahmadu Bello Way, duk haka suke zuwa. Ranakun mako da watanni da shekaru ma haka, “on Monday”, “in February”, “in 1976”, sai fa idan an keɓe rana ɗaya kamar “the Monday after Sallah”, ko ana nufin shekaru goma a dunƙule kamar “the 1970s”. Gyaran jimlarki shi ne “The meeting is on Ahmadu Bello Way on Monday.”

Daga nan sai keɓantattun wurare su fara shigowa, kuma wanda zai fi yi miki amfani a ofis shi ne sunan da ke da “of” a tsakiya. Ana rubuta “the University of Jos”, amma “Bayero University” da “Ahmadu Bello University” ba su ɗaukar komai. Haka “the Central Bank of Nigeria”, “the Federal Republic of Nigeria”, “the Sultan of Sokoto”, “the Emir of Wase”. Muƙami idan ya manne da sunan mutum yana zubar da “the”, idan ya tsaya shi kaɗai yana ɗaukarta: “General Gowon” amma “the General”, “Governor Lar” amma “the Governor”, kuma za ki ga duka biyun a layi ɗaya cikin “Sir Ahmadu Bello, the Sardauna of Sokoto”. Koguna da tekuna da hamada da jerin duwatsu suna ɗauka, tafki da dutse guda ba sa ɗauka, shi ya sa ake cewa “the Sahara”, “the Atlantic” da “the Shere Hills” da muke hange daga cikin gari, amma “Lake Chad”, “Zuma Rock” da “Wase Rock”. Misalin da na fi so ina ba ɗalibaina shi ne na maƙwabtanmu: “Benue” jiha ce, “the Benue” kogi ne, “Niger” ƙasa ce ko jiha, “the Niger” kuwa kogin Kwara ne. Kalma mai harafi uku ta raba ƙasa da ruwa. A ƙasashe kuwa, masu jam'i da masu kalmar tarayya ko masarauta a cikin sunansu su ne ke ɗauka, kamar “the United States”, “the United Kingdom”, “the United Arab Emirates”, “the Netherlands” da “the Philippines”. Gambiya ta sa “The” a cikin sunanta na hukuma, Yukren kuma, wadda a da Turawa ke kira “the Ukraine”, ta nemi a daina tun bayan samun 'yancinta a 1991.

Gajerun sunayen hukumomi za su riƙa zuwa miki kullum, kuma kunne ne ke raba su. Wanda ake furtawa kamar kalma ɗaya, irin su INEC, NAFDAC, JAMB da WAEC, ba ya ɗaukar “the”. Wanda ake kiran haruffansa ɗaya bayan ɗaya yakan ɗauka: “the CBN”, “the EFCC”, “the UN”, “the FCT”. Jami'o'i sun fita daga wannan, domin ABU da BUK haka nan ake rubuta su. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa shigar da sunan duk hukuma ko wurin da ofishinku ke hulɗa da shi, tare da yadda su da kansu suke rubuta sunan a cikin jimla a wasiƙunsu. Ofishi ɗaya ba ya hulɗa da duniya duka, kuma cikin 'yan makonni za ki ga sunayen da kike bukata sun ƙare a shafi biyu ko uku.

Game da yadda za ki yi aiki kuwa, dalilin da ya sa dokokin ke cakuɗe miki a gaban kwamfuta shi ne kina neman yin abu biyu a lokaci ɗaya, wato tsara magana da tace nahawu. Ki raba su. Ki rubuta wasiƙar har ƙarshe yadda ta zo miki, sannan ki fitar da ita a takarda, ki ɗauki fensir ki ja layi a ƙarƙashin kowane suna, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan kowanne ki gwada shi da Hausa a zuciyarki. Idan “wani” ko “wata” ta zauna daram a gabansa, “a” ko “an” yake so. Idan jinsin abin duka kike nufi, kuma jam'i ne ko abin da ba a ƙirgawa, ki bar shi tsurarsa. Idan kuwa mai karatu ba zai ce “wanne?” ba, ki saka “the”. Da farko wannan zai ci miki minti goma a kowace wasiƙa, daga baya idonki zai riƙa yi da kansa. Kada kuma ki yar da takardun da aka yi wa jan biro. Ki tara su a fayil ɗaya, ranar Asabar ki zauna ki ware gyare-gyaren, ki ga nawa ne na inda kika manta da “the”, nawa ne na inda kika ƙara ta a kan ilimi da lafiya da makamantansu, nawa ne na sunayen yanka. Wanda ya fi yawa shi za ki sa wa ido a makon da ke tafe.

Saura maganar shugabanki. Gyaran da yake yi aikinsa ne, tunda shi ke sa hannu a wasiƙun, kuma a jimloli ukun da kika kawo gyaran yana kan hanya. Karanta kuskurenki a gaban jama'a har a yi miki dariya kuwa bai kyautu ba, kuma kina da damar ki nuna masa hakan cikin ladabi. Ki nemi lokacin da yake shi kaɗai, da safe kafin aiki ya yi masa yawa, ki shiga da fayil ɗin nan a hannu, ki gaishe shi, ki ce, “Yallaɓai, na tara duk gyaran da ka yi mini ina nazarinsu, kuma na gano inda nake kuskure. Ina roƙon idan an samu wani a gaba a kira ni a nuna mini ni kaɗai, domin na fi ganewa a haka.” Ki kuma roƙe shi tsofaffin wasiƙu biyar ko shida da ya gamsu da su daga cikin fayilolin ofis, ki karanta su da fensir kamar yadda kike karanta naki, kina tambayar dalilin kowace “the” da kika gani da dalilin rashinta inda babu. Bayan wata guda ki aiko mini da wasiƙu biyu da kika rubuta, ki goge sunayen mutane da na ofis, mu duba tare mu ga abin da ya rage.